Idon Sa'ade da Kunyar Hanne

Binta, ke kika jawo wannan babin, saboda haka kada ki yi ƙorafi don kin ga sunanki a farkonsa. Ranar nan da kika shigo min da waya a hannu kina huci, kina nuna min saƙon da kika tura wa iyayen 'yan ajinki a makarantarku ta Yalwawa, kika ce kowa ya gani amma 'yan tsiraru suka amsa, sauran kuwa ba su damu da 'ya'yansu ba, na yi dariya kika ji haushi. Ba ke nake yi wa dariya ba. Muryata ce na ji tana fitowa daga bakinki, har da yadda kike ɗaga gira. Dukanku kun taso kun tarar ana ce min Malama mai haƙuri, tsofaffin ɗalibaina suna zuwa gaisuwar sallah suna ba ku labarin yadda na san gidan kowa da kakar kowa, sai kuka ɗauka haka Allah ya halicce ni. To ba haka ba ne, kuma gara ku ji daga bakina tun ina iya riƙe biro. Koya min haƙurin nan aka yi, wadda kuma aka koya min a kanta yarinya ce 'yar shekara goma da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Shekarata ta biyu ke nan da fara koyarwa, ban auri babanku ba tukuna, aka tura ni wata firamare a wani ƙauye bayan Kiyawa. Ɗakunan karatu huɗu ne da ofishin hedimasta, sai wata darbejiya da 'yan aji ɗaya suke zama a gindinta. Baba, wato kakanku, ya nema min masauki a gidan wani tsohon ɗalibinsa. Ranar Juma'a in hau mota in koma gida Limawa a cikin Dutse, Lahadi da yamma in dawo. Na tafi da akwatin ƙarfe da takardar kwaleji da girman kai mai yawan gaske. A ganina duhu ne ya rufe mutanen garin nan, ni kuma Allah ya aiko ni da fitila. Ga ni da baki kuma. Kun dai san wannan bai bar ni ba har yau, gudu kawai ya rage.

Aji huɗu aka ba ni, a nan na haɗu da Sa'ade. Doguwa ce siririya, don haka can baya aka zaunar da ita. Malamin da na gada ya gaya min tun ranar farko cewa daƙiƙiya ce, kada in wahalar da kaina. Littafinta kuwa ya gaskata shi, domin rubutun ciki ba kai ba gindi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, duk abin da na faɗa da baki, ko bayan mako guda na tambaya, ita ce za ta fara ɗaga hannu, ta maimaita min shi yadda na faɗa har da inda na yi tari. Wata rana na rubuta jimla a allo na ce ta karanta. Ta miƙe ta yi tsaye, ta tsuke ido, sai da ta kusa da ita ta raɗa mata sannan ta faɗa. Na ce ta fito. Ta taho, ta wuce layin gaba, ta wuce teburina, ba ta tsaya ba sai da hancinta ya kusa taɓa allon, sannan ta karanta jimlar tsaf ba gargada. Na tambaye ta tun yaushe take ganin allo dishi-dishi. Ta dube ni da mamaki.

"Ai haka allo yake, Malama."

Ita a zatonta kowa haka yake gani, sauran yara wayo kawai suka fi ta. Shekara uku tana shan bulala a kan abin da ba ta ma san tana da shi ba. Tausayinta ya kama ni, kuma na rantse a raina sai an kai ta asibiti a Dutse an duba idon nan. Na dawo da ita layin gaba, ya ɗan taimaka, amma bai isa ba. Sai na yi abin da aka koya mana a kwaleji: na zauna na tsara wasiƙa mai kyau zuwa ga mahaifinta Malam Idi, na ba ta ta kai gida. Shiru. Na sake wata, na sake ta uku har da jan layi a ƙarƙashin kalmar gaggawa. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina wa zai karanta musu ba. Da na kai kuka wurin hedimasta, wani dattijo mai maganar ƙasa-ƙasa da ya shekara ashirin a garin, na ce zan je in ga uwarta da kaina, sai ya tambaye ni ko na binciki wanda ke da yarinyar. Na ce ai tana da uwa da uba, kuma duk suna raye. Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, ni kuwa na riga na kai bakin ƙofa.

Bayan la'asar na je. Babban gida ne na gandu, Malam Idi da 'yan'uwansa maza duk a ciki, kowa da sashensa. Lokacin kaka ne, matan gidan sun baje a tsakar gida suna ɓarar gyaɗa, sun kai su bakwai har da wata tsohuwa. Suka amsa sallamata da fara'a, aka shimfiɗa min tabarma, aka kawo ruwa a kwanon sha. Ko kurɓa ban yi ba. Gaisuwar ma a tsaitsaye na yi ta, ban tambayi gajiya ba, ban tambayi amfanin gona ba. Na ɗaga murya yadda nake yi a aji na ce wace ce Maman Sa'ade. Wata ta toshe baki da gefen zani, wata kuma ta nuna min da leɓe wata mace siririya mai goyo, wadda tun shigowata ba ta ɗago ba. Hanne ke nan, ba za ta girme ni da fiye da shekara biyar ba. Na ja tabarmata gabanta na fara zuba. Na ce Sa'ade tana da ƙwaƙwalwar da ban taɓa gani ba, Sa'ade za ta iya zama likita, Sa'ade kaza, Sa'ade kaza, sannan na ce amma idonta ba lafiya, dole a kai ta Dutse. Duk wannan a gaban kowa. Hanne ba ta dube ni ba, hannunta bai daina aiki ba, abin da kawai na samu shi ne "to". Sau uku ina tambayar ranar da za a kai ta. A na ukun ne ta yi magana, ita ma kwaryar gyaɗar take kallo.

"Sai abin da masu ita suka ce."

Nan kaina ya ɗau zafi. Zan rubuta muku abin da na faɗa yadda na faɗe shi, domin na gaji da rage masa kaifi idan ina ba kaina labarin.

"Masu ita? Ke kika haife ta ko ba ke ba? Ni dai ban taɓa ganin uwar da za a ce mata 'yarta na neman makancewa ta ci gaba da ɓarar gyaɗa ba. Akuya ma ta fi ki sanin zafin ɗanta."

Hannunta ya tsaya. Ta ajiye kwaryar a hankali, ta gyara goyonta, ta shige ɗaki. Ba wadda ta tanka min sai tsohuwar nan, ita ma cewa kawai ta yi yamma ta yi, Malama ta sauka lafiya. Da na juyo zan fita na ga Sa'ade raɓe a bakin zaure da tulu a kai. Ba ta iya hango fuskata daga nan, amma kunnenta ba abin da yake bari.

Kashegari wurin zamanta ba kowa. Haka jibi, haka gata. Ranar Alhamis hedimasta ya kira ni ya gaya min saƙon Malam Idi: tunda makaranta ta ce 'yarsa makauniya ce, to ta zauna a gida, kuma shi ba a shiga gidansa a zagi matarsa. Ya ƙara da cewa yaran unguwar sun fara tsokanarta da wannan sunan a hanyar rijiya. Na kuwa san ni na raɗa mata shi, kuma ƙarya na yi. Ba likita ba ce ni, ban san wata makanta ba, na faɗa ne kawai don in tsorata su. Na je in gyara mata ido na raba ta da makaranta gaba ɗaya. Duk da haka ban yarda laifina ne duka ba. Ranar Juma'a na sauka a Limawa cike da jawabin kare kai, na tarar da Inna, kakarku, tana yanka kuɓewa a ƙofar madafa, na zauna na kwashe labarin na gaya mata ina jiran ta ce na yi daidai. Ta bari na gama. Sannan ta tambaye ni ta nawa ce yarinyar a wurin uwar. Na ce ban sani ba, akwai manyan yara a gidan. Ta ce gidan gandu ne ai, na tabbata nata ne? Ta tambayi wanda ya yaye ta, na ce ban sani ba. Ta tambaya ko na ji uwar ta ambaci sunanta ko sau ɗaya. A nan na fara shan jinin jikina.

Ku da kuka taso ina kiran yayanku da sunansa a gaban kowa, ina yi masa faɗa ina rungume shi, ba lalle ku san nauyin abin ba. A zamaninmu, musamman a ƙauye, uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai dai wata ta ɗaga shi. Idan lokacin yaye ya yi a kai shi wurin kaka ko gwaggo, daga nan ita ce mai shi, ita ake kai wa maganarsa ta daɗi da ta wuya. Na san wannan sarai. Ba wai na sani kawai ba, a cikinsa na girma, domin ni ce 'yar farin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai "ke", sai "'yar Hajiya", wato kakata da ta yaye ni. Inna ta ajiye wuƙar, ba ta dube ni ba, kamar yadda ta saba.

"Kika je gaban matan gida kika ce ta buɗe baki ta yi maganar 'yar farinta. In ta amsa miki, har ta tsufa ana yi mata gorin rashin kunya. Ta yi shiru, kin ce akuya ta fi ta. To wace ƙofa kika bar mata?"

Ta ɗauki faifan kuɓewar ta miƙe, har ta sa ƙafa a madafa sannan ta ƙara, a hankali ƙwarai.

"Ashe ke haka kike ganin abin."

Na gane ba maganar Hanne kaɗai take yi ba. Na daɗe ina riƙe da wani ƙulli a raina game da Inna wanda ban taɓa furtawa ba, har ni kaina ban san girmansa ba, sai da na je na sauke shi a kan 'yar mutane a tsakar gidan mijinta. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, na shiga ɗaki na yi kuka. Ba mu sake tayar da zancen ba, ni da ita, har ta bar duniya. Amma ranar Lahadi da zan tafi na tarar ta ƙulle min goro da sabulu a leda, ta gaya wa ƙanwata, ina tsaye ina ji, cewa a faɗa wa 'yar Hajiya ta nemi wadda ta yaye yarinyar, kuma kada ta kuskura ta ɗauko maganar a zuwan farko.

Hedimasta ya so ya sauƙaƙa min. Ya ce akwai gurbi a wata makaranta kusa da Dutse, in ina so zai sa baki a mayar da ni, kafin baɗi garin ya manta. Ba zan ɓoye muku ba, na so ƙwarai, kwana biyu ina juya abin. Amma duk sanda na shiga aji sai idona ya faɗa kan bencin gaba, in tuna cewa in na tafi ba wanda zai sake tambayar inda Sa'ade take. Na koma na ce masa na gode, ina nan, ya dai gaya min wa ke da yarinyar. Ya yi murmushi ya ce ai tambayar da ya so in yi ke nan tun farko. Gwaggo Tabawa ce, yayar Malam Idi, mijinta ya rasu, tana sana'ar ƙuli-ƙuli a ƙarshen gari, kuma Sa'ade 'yar fari ce kamar yadda Inna ta zata.

A zuwana na farko Gwaggo ta bar ni tsaye a rana sai da ta gama kwashe ƙulin da ke kasko. Sannan ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa.

"Ke ce mai bakin?"

"Ni ce, Gwaggo."

"To shigo in ga bakin."

Ta wanke ni tas. Rannan na san akwai waɗanda suka fi ni baki a duniya. Ta karɓi goron ta ce ba laifi, da alama wadda ta haife ni tana da hankali ko da ni ban gado ba. Na koma bayan kwana biyu, ta miƙo min tunkuza ta ce hannun da ya iya riƙe alli ya gwada murza ƙuli. Nawa duk suka fito a karkace, ta ce waɗannan sai dai a ba yara sadaka. Ban ambaci Sa'ade ba, ita ma ba ta ambata ba, duk da ina jin motsin yarinyar a cikin ɗaki, domin a nan take wuni tun da ta daina zuwa makaranta. Sai a zuwa na uku, bayan ta aiki Sa'ade kai ƙuli wani gida, ta tambaye ni ko na san wanda ya sa aka kai yarinyar boko tun farko. Na ce ita ce mana. Ta ce ita dai bakinta aka ara.

Nan ta warware min abin da idona bai gani ba. Hanne ce ta fara lura, tun Sa'ade na tatata, cewa tana tuntuɓe da abin da kowane yaro zai kauce wa. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai Gwaggo, ita ma a ɓoye. Ita ce take karkatar da aikin gida ba tare da kowa ya farga ba: in ana tsintar hatsi ta tura ta daka, in za a je rijiya ta tabbatar akwai babba a tare da ita. Da yarinyar ta isa shiga makaranta, Hanne ta zo har gidan nan da kanta, ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce 'yar Gwaggo ba za ta iya saƙar faifai ba, amma kunnenta ba ya mantuwa, da Gwaggo za ta sa baki a kai ta boko. Wasiƙuna uku kuwa ba a yar da su ba. Malam Idi ya juya su ya ajiye don ba ya karatun boko, ita kuma ta tsince su ta adana a ƙasan kwallar kayan aurenta. Ta san maganar 'yarta ce a ciki, ba ta iya karantawa, kuma ba ta iya kai wa wani ya karanta mata ba tare da an ce ta damu da 'yar fari ba. Ranar da na yi mata wannan maganar, in ji Gwaggo, kwana biyu ba ta ci abin kirki ba.

Da ta gama na gaya wa Gwaggo gaskiya, cewa batun makanta ƙari ne na yi, abin da nake zato shi ne tabarau kawai yarinyar take buƙata, kuma likita ne zai tabbatar. Ita ma tana da nata tsoron. Ta ji an ce tabarau yana cinye ido, kuma ba ta taɓa ganin yarinya ƙarama da shi ba, sai alhazai da ma'aikata. Wannan karon ban yi jawabi ba. Na bar ta ta yi ta tambaya ina amsa abin da na sani, wanda ban sani ba in ce ban sani ba. A ƙarshe ta ce Idi ƙanenta ne, ita ta goya shi, ba zai tsallake maganarta ba. Amma ba za ta je masa ba sai na je na wanke abin da na zubar.

Ita ta zaɓi ranar, wata Asabar da hantsi da matan gidan suka tafi suna a unguwar gaba. Na fasa zuwa gida a wannan makon saboda haka. Na tarar da Hanne ita kaɗai tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta, gaisuwa mai tsawo, har lafiyar awaki na tambaya. Na sha ruwan da ta ba ni har ƙasa. Sannan na ce, Yaya Hanne, na yi miki rashin kunya a cikin gidanki, na zo ki yafe min. Ta ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta ci gaba da kaɗa rariyarta. Na san akwai abin da take son ji, na kuma san ba ta da hanyar tambaya, ni ma ba ni da hanyar faɗa. Ban san inda dabarar ta fito min ba. Na ɗauko ɗaya rariyar na fara taya ta, na ce mata, kamar mai hirar duniya, akwai wata yarinya a ajina da take ba ni mamaki. Ban faɗi suna ba. Na ba ta labarin yadda yarinyar take haddace karatu daga ji ɗaya, da yadda take raba faɗan ƙawayenta, da ranar da ta gyara min lissafi a gaban aji na rasa inda zan sa kaina. Hanne ta kawar da fuska, amma ba ta tashi ba, kuma na ga gefen bakinta ya motsa. Da na yi shiru sai ta ce in ci gaba mana. Na ci gaba har na zo kan batun ido da likita da tabarau. Ta daɗe tana kaɗa rariyar da babu sauran gari a cikinta.

"Ita yarinyar da kike faɗa, in an sa mata abin, zai yi mata ciwo?"

"Ba zai yi ba, Yaya."

"Kuma za ta riƙa gani har nesa?"

"In Allah ya yarda, har tsamiyar bakin hanya."

"To Allah ya sa iyayenta su yarda."

Da zan tafi ta cika min kwano da gyaɗa. Gwaggo ta je wa Malam Idi, ya amince. Ranar kasuwar Kiyawa aka gan ta tana jan wata tunkiya za ta sayar, kowa a garin ya san ta Hanne ce, ba kuma wanda ya ce komai. Mako na gaba muka hau mota mu uku, ni da Gwaggo da Sa'ade. A asibiti likita ya yi ta canza mata gilasai yana nuna mata haruffa, ya ce idon lafiyarsa ƙalau, nesa ce kawai ba ya kaiwa. Bayan mako biyu muka koma karɓo tabarau. Da muka fito ta tsaya cak a bakin titi tana kallon duwatsun garin nan da kuka saba gani har ba kwa lura da su, ta ce ashe ɗaya a kan ɗaya suke, ita da ta ɗauka hadari ne. Gwaggo ta ce a wuce a tafi, kada a ce 'yan ƙauye sun shigo, amma na gan ta tana goge ido da bakin mayafi.

Kada ku ɗauka komai ya koma daidai. Zango guda Sa'ade ta rasa, dole ta maimaita aji huɗu ƙawayenta suka wuce ta, kuma sunan nan da na jawo mata ya daɗe yana bin ta a bakin yara. Ni da Hanne mun ci gaba da gaisawa da mutunci har na bar garin, amma maganar da na faɗa tana nan tsakaninmu, ita ta yafe, ni ban manta ba. Daga wannan shekarar na canza yadda nake aiki. Duk ajin da aka ba ni, makon farko ba na cika karatu, tambaya nake yi: wa ya yaye ka, wa kake kai wa kuka, a ɗakin wa kake cin tuwo. Ina zuwa suna, ina zuwa gaisuwar mutuwa, don kada ranar da aka fara ganina a gida ta zama ranar da na kawo ƙara. Maganar aibin yaro kuma ban sake yin ta a gaban mutum na uku ba. Shi ya sa, Binta, na ce miki ki bi waɗanda ba su amsa ba ɗaya bayan ɗaya kafin ki yanke musu hukunci, domin ba ki san abin da ya riƙe bakin kowannensu ba.

Kamar mako guda da dawowar Sa'ade makaranta, an tashi tara yara sun watse waje, ina zaune ina duba littattafai, sai na ga ta tsaya a gefen teburina. Gwaggo ta ɗaure mata tabarau ɗin da zare ta bayan kai don kada ya faɗi. Ta yi ta murza gefen hijabinta, na ce ta faɗi abin da ke bakinta. Ta waiga ta tabbatar ba kowa, ta rage murya.

"Malama, ashe Iya tana kallona."

Iya take ce wa Hanne. Na ajiye biro na ce ban gane ba.

"In an tashe mu na taho gida, tana tsaye ta bayan danga, wajen rumbu, inda kara ya ɓalle. Tun daga tsamiya take kallona. Sai na zo kusa take komawa kan aikinta. Da can ba na hango ta."

Na tambaye ta ko jiya ne ta gani.

"Kullum ne. Ni ma sai in yi kamar ban gan ta ba, don kada ta daina."